Yadda ake cin moriyar yini ɗaya a Bridgetown idan jirgin ruwa ya sauke ka a Barbados

Jirgin ruwan shaƙatawa ba ya daɗewa a gari. Yawanci yakan iso Bridgetown, babban birnin tsibirin Barbados, da misalin bakwai ko takwas na safe, ya ɗaga da biyar ko shida na yamma. Ka cire lokacin sauka, ka cire na komawa, abin da zai rage a hannunka bai wuce awa shida ko bakwai ba. Tsibirin kuwa ƙarami ne, tsawonsa kilomita 34, faɗinsa 23, shi ya sa duk wanda ya dubi taswira sai kwaɗayi ya kama shi, ya ce ai kafin la'asar ya zagaye shi kaf. Masu wannan lissafi su ne ke ƙare yini a cikin mota, suna ɗaukar hoto ta taga. Taura biyu ba ta taunuwa. Ko dai ka ba birnin da bakin tekunsa yinin, ko ka shiga cikin tsibirin don abu ɗaya ko biyu, ka haƙura da sauran. Ni dai na farkon nake zaɓa wa wanda bai taɓa zuwa ba, kuma a kansa zan fi tsayawa.

Mataki na farko: abin da ake gamawa tun daga gida

Mai fasfon Najeriya ko na Ghana yana shiga Barbados ba tare da biza ba, amma kada wannan ya ruɗe ka. Jirgin ba Barbados kaɗai yake tsayawa ba. Idan daga Amurka zai taso, sai da bizar Amurka. Idan zai biya ta wani tsibiri da ke ƙarƙashin Faransa ko Holan, can ma da tasu dokar, kuma kamfanin jirgi yana iya hana ka hawa tun daga tashar farko ko da ka rantse ba za ka sauka a can ba. Ka bi jerin tashoshin ɗaya bayan ɗaya ka tabbatar da kowacce. Ka haɗa da katin rigakafin cutar shawara, wannan mai ruwan ɗorawa, domin ana neman sa a hannun wanda ya fito daga ƙasashenmu.

Sai wata doka da ke ba baƙi mamaki: a Barbados laifi ne farar hula ya sa tufa mai zanen kakin soja. Riga, wando, hula, jaka, har kayan yara, duk dokar ta hau kansu, kuma ana iya ƙwace su. Idan ɗanka na da irin wannan gajeren wandon da yake ƙauna, a bar shi a gida.

Mataki na biyu: daren jajibere

Kowane dare ana ajiye maka takardar shirin gobe a ɗaki, ko a tura ta cikin manhajar jirgi. Abu uku za ka nema a ciki. Na ɗaya, lokacin da ake so kowa ya dawo, wanda yawanci yake rabin awa kafin tashi. Wannan shi ne lokacinka, ba na tashin ba. Na biyu, lambar wayar wakilin jirgin a tashar Bridgetown. Ka rubuta ta a takarda ka sa a aljihu, domin ranar da za ka buƙace ta ita ce ranar da cajin wayarka zai ƙare. Na uku, agogon da jirgi ke bi.

Wannan na ukun yana cin mutane. Barbados tana bayan Najeriya da awa biyar, kuma ba ta canza agogo duk shekara. Amma jirgin da ya taso daga gabashin Amurka a lokacin sanyi yana iya riƙe agogon can, wanda ke bayan na Barbados da awa ɗaya. Wayarka kuwa da ta ji sabis ɗin gari za ta juya da kanta, ba sallama. Ka ɗaura agogon hannu, ka saita shi da na jirgi, shi kaɗai za ka riƙa dubawa.

A daren nan ne kuma za ka yanke shawara tsakanin yawon da kamfanin jirgi ke sayarwa da wanda za ka shirya wa kanka. Na kamfani ya fi tsada, wani lokaci ninki biyu, amma yana da alheri guda: idan motarsu ta makara, jirgi zai jira ta. Idan kai ka ɗauki tasi da kanka ka makara, jirgi zai tafi, kuɗin jirgin sama zuwa tsibiri na gaba kuma daga aljihunka. Don haka ga yadda nake rabawa: duk abin da ke cikin birni ko kusa da shi, yi da kanka. Duk abin da ke can arewa ko gabashin tsibirin, ko ka bi kamfani, ko ka fita da sassafe ka dawo da wuri.

Jakarka kada ta yi nauyi. Katin jirgi, wanda shi ne makullin ɗakinka kuma shaidar shigarka, da wani katin shaida mai hoto ko kwafin fasfo, gorar ruwa, hula ko laima, man kare fata daga rana, tawul daga jirgi, kayan wanka, ƙaramar sallaya mai naɗewa, da kuɗi ƙanana. Kada ka sauka da 'ya'yan itace ko nama daga ɗakin cin abinci, an hana.

Maganar kuɗi mai sauƙi ce. Dalar Barbados biyu ita ce dalar Amurka ɗaya, haka aka ɗaure ta tun 1975. Kusan ko'ina ana karɓar takardar dalar Amurka, amma canji da kuɗin gari za a ba ka. Saboda haka ka riƙe 'yan ɗaya-ɗaya, biyar-biyar da goma-goma. Wanda ya miƙa ɗari don ya sayi kwakwa zai koma jirgi da damin kuɗin da ba a karɓa a tsibiri na gaba.

Mataki na uku: fita daga tasha

Ka karya kumallo da wuri, ka sauka cikin rukunin farko. Ranar da jirage uku ko huɗu suka haɗu, musamman daga Disamba zuwa Afrilu, mutum dubbai ne ke fitowa ta ƙofa ɗaya. Tashar ta aiki ce, ana sauke kwantenoni a cikinta, don haka idan jirginku ya tsaya nesa akwai motar da ke kai mutane zauren fasinjoji. Zauren cike yake da shaguna. Wuce su, suna nan har ka dawo.

Daga ƙofar tasha zuwa tsakiyar gari bai kai kilomita biyu ba, tafiyar minti ashirin zuwa ashirin da biyar a ƙafa, a kan hanyar da ke bin gefen teku. Da safe tafiyar na da daɗi. Za ka wuce Pelican, inda masu sana'ar hannu ke da rumfuna. Da can wurin ɗan tsibiri ne shi kaɗai, aka cike ruwan aka haɗe shi da gari lokacin gina tashar da aka buɗe a 1961. Gaba kaɗan kasuwar kifi ce, hancinka zai gaya maka kafin idonka. Shiga ka ga yadda mata ke zare ƙayar kifi mai tashi da 'yar wuƙa, hannu na gudu baki na hira. Ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto.

Abin da ya kamata ka sani game da mutanen nan, waɗanda ke kiran kansu Bajan: ba sa son a faɗo musu da tambaya ba gaisuwa. A nan Bahaushe ba ya buƙatar darasi. Ka gaida mutum da safiya, ko da yamma, sannan ka tambayi hanya, za ka ga har rakiya ana yi maka. Turanci suke yi, amma idan suka juya tsakaninsu sai ka kasa kunne sosai, kuma wanda ya saba da burokar Legas zai riƙa tsintar wani abu.

Mataki na huɗu: idan mota za ka hau

Tasi na gaskiya lambarsa na farawa da harafin Z. Ba su da mita. Akwai farashin da hukuma ta tsara, ana kafe shi a allo a tasha, ka karanta kafin ka yi magana da kowa. Kafin ka shiga mota ka daidaita abu uku da direba: nawa ne, na mota ne ko na kowane mutum, kuma da wace dala. Wannan ta ƙarshen ta taɓa cina. Wani direba ya faɗi kuɗi, na lissafa da dalar gari na ji araha, muka isa ya ce shi dalar Amurka yake nufi. Ba shi da laifi a shari'a, ni ne ban tambaya ba. Idan kuma zai dawo ya ɗauke ka, kada ka biya kuɗin dawowa sai ya dawo.

Motocin haya na gari iri uku ne: manyan bas shuɗaye na gwamnati, masu ruwan ɗorawa na 'yan kasuwa, da farare ƙanana masu lamba ZR. Kuɗin ɗaya ne ko ina za ka, dalar Barbados uku da rabi. Na gwamnati ba sa ba da canji, sai ka zo da kuɗinka daidai. Su ZR ɗin nan, duk wanda ya taɓa hawa bas ɗin haya a Kano zai ji kamar ya dawo gida: kiɗa har ƙirji, kwandasta na leƙe yana kiran fasinja, kujerar mutum uku a zauna huɗu. Mai lamba 11 ita ke bin gaɓar kudu har Oistins. Da safe ka hau don nishaɗi, amma kada ka dogara da su wajen komawa jirgi. Kuma a tuna, hannun hagu suke tuƙi, don haka in za ka tsallaka titi dama za ka fara dubawa.

Mataki na biyar: zagayen birni da ƙafa

Ka ware wa wannan awa biyu zuwa biyu da rabi, ka gama kafin rana ta take.

Fara da kasuwar Cheapside, wadda ke kan hanyarka. Ranar Asabar da safe ta fi cika. A nan ne baƙo daga Afirka ta Yamma ke fara jin wani abu a ransa: ga kuɓewa, ga doya, ga rogo, ga dankali, ga tsamiya, ga busasshen zoɓo. Ba haɗuwar jini ba ce kawai. Turawan Ingila sun sauka a tsibirin a 1627, suka kafa Bridgetown a 1628, daga shekarun 1640 kuma suka mai da ƙasar gonar rake, suka cika ta da bayin da aka kwaso daga gaɓar Afirka ta Yamma. Fiye da kashi tara cikin goma na mutanen da za ka gani a titi jikokin waɗannan bayi ne. Dokar bayi da aka rubuta a nan a 1661 ita ce wasu yankunan mulkin Ingila suka kwafa. Idan ka riƙe wannan a zuciya, gine-ginen da za ka gani za su yi maka magana dabam.

Daga kasuwa ka miƙe Broad Street, titin bankuna da manyan kantuna, har Dandalin Gwarazan Ƙasa. A da sunansa Trafalgar, kuma gunkin Nelson, jagoran sojan ruwan Ingila, ya tsaya a nan tun 1813, kusan shekara talatin kafin a kafa na Landan. A Nuwamban 2020 aka sauke shi. Shekara guda bayan haka, ranar 30 ga Nuwamban 2021, ƙasar ta cire Sarauniyar Ingila daga shugabancinta ta zama jamhuriya, Sandra Mason ta zama shugabar ƙasa ta farko. Daura da dandalin ga ginin majalisa, na dutsen murjani, mai hasumiyar agogo, wanda aka gina a farkon shekarun 1870. Ita majalisar kanta ta girme ginin nesa ba kusa ba, tun 1639 take zama, ko da yake ta yi ƙarnuka tana zama ne don masu gonaki kaɗai.

Kada ka tsallaka gada tukuna. Shiga ta baya, ta Swan Street, inda 'yan gari ke cinikinsu, masu talla a bakin hanya, kaya da araha. Kusa da nan akwai wurin ibadar Yahudawa na Nidhe Israel, wanda aka fara ginawa a 1654. Yahudawan da suka gudo daga Brazil ne suka kafa shi, kuma suna cikin waɗanda suka kawo ƙwarewar sarrafa rake. Akwai ɗan gidan tarihi da tsohuwar maƙabarta. Minti ashirin ya isa, sai dai in kai mai son karanta rubutun kan kaburbura ne.

Abin da ba na yarda a wuce shi ne Queen's Park, tafiyar minti goma gabas da dandali. Yawancin fasinjojin jirgi ba sa zuwa, domin a wurinsu bishiya ce kawai. A wurinmu kuwa kuka ce. Ƙatuwar kuka, tsaye a tsakiyar Karebiyan, wadda ake cewa sai mutum 15 sun haɗa hannu kafin su zagaye gindinta. 'Yan garin za su gaya maka ta haura shekara dubu, wai ƙwallonta ne ya biyo ruwa daga Afirka. Akwai wata a Warrens, wajen gari, da aka rubuta cewa daga Gini aka kawo ta wajen 1738. Na tsaya a ƙarƙashin ta Queen's Park na daɗe ina kallon ganyen, ina tunanin a ce a ƙauyenmu take, da tuni an hau an yi shanya. A nan ba wanda ya san ana miya da shi. Na gaya wa wani dattijo da ke zaune a benci, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ɗauka zolaya nake.

Daga nan ka dawo ka hau gadar Chamberlain. Ruwan da ke ƙarƙashinta shi ake kira Careenage, inda a da ake kwantar da jiragen katako a kankare gindinsu. Sunan garin ma daga gada ya samo asali, wata tsohuwa da Turawa suka tarar mutanen farko na tsibirin sun bari. A ƙarshen gadar akwai ƙofar tunawa da 'yancin kai, wanda aka samu ranar 30 ga Nuwamban 1966, da dandalin da gunkin Errol Barrow, firaministan farko, yake.

Idan Lahadi jirginku ya zo, kusan duk kantunan cikin gari a rufe suke, Asabar ma da rana ake fara rufewa. Gine-gine dai suna nan, titi kuma ba cunkoso.

Mataki na shida: teku

Daga gada ka bi Bay Street minti goma zuwa sha biyar, sai ga Carlisle Bay a damanka: farin yashi mai laushi kamar gari, ruwa kwance shuɗi garau. Duk bakin teku a Barbados na jama'a ne, ba otal ɗin da ya isa ya kore ka daga kan yashi. Abin da ake biya shi ne kujera da laima. Wuraren da ke kusa da gari masu karɓar kuɗin shiga sun fi kiɗa da giya da cunkoso. Mai iyali ya ƙara gaba kaɗan zuwa Brownes ko Pebbles, ya fi samun sarari.

Babban abin da ke kawo mutane nan shi ne kunkurun teku da jiragen da suka nitse. Akwai guda shida a cikin wannan lungun ruwa, wasu ba su da zurfi, kana kwance a saman ruwa kana ganinsu, kifaye sun mai da su gida. Ɗaya daga cikinsu, Berwyn, tun 1919 yake ƙasa. Masu ƙananan jirage suna yawo a bakin ruwa suna neman fasinja. Fitar kan ɗauki awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ana tsayawa wuri biyu, wajen kunkuru da wajen jirgi. Ga yadda za ka yi: ka tambayi tsawon fitar da lokacin dawowa, ka tabbatar kuɗin ya haɗa da tabaran ruwa da bututun numfashi da rigar da ke hana nitsewa, ka sa rigar ko da ka iya ruwa. Iyo a kogi ko kududdufi dabam, teku dabam. Kafin ƙaramin jirgin ya tashi ka gwada tabaran: manna shi a fuska, ja numfashi ta hanci, in ya kama ba ya faɗuwa to daidai ne. Mai gashin baki ya shafa ɗan man shafawa a kai, in ba haka ba ruwa zai riƙa shiga. A cikin ruwa ka ciji bututun a hankali, ka numfasa ta baki, ka kwanta kawai. Kunkurun su ke zuwa da kansu. Kada ka taɓa su, kada ka bi su, dokar ƙasar tana kare su. Wanda bai son shiga ruwa sam ya nemi jirgi mai gilashi a ƙasa.

'Yan'uwa mata masu hijabi, ba wanda zai hana ku shiga ruwa da doguwar rigar wanka mai rufe jiki, sai dai a guji zani ko abaya mai faɗi, domin in ta sha ruwa nauyi take yi tana naɗe ƙafa. Kuma ga kowa: kayan wanka na bakin teku ne, 'yan garin ba sa son a shiga kanti ko titi da su.

Akwai wata bishiya da ake kira manchineel a wasu gaɓoɓin, mai 'ya'ya kore kamar ƙananan tuffa. Guba ce. Ba a ci, ba a taɓa ruwanta, ba a fakewa ƙarƙashinta in ana ruwan sama, domin ɗigon da ya biyo ganyen yana ƙona fata. Yawanci ana shafa mata jan fenti a jiki. A ja wa yara kunne.

Idan da sauran lokaci, daga Pebbles ka hau tudu kaɗan zuwa Garrison, tsohon barikin sojan Birtaniya, wanda hukumar UNESCO ta haɗa da tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 2011. Filin faretin ya zama filin sukuwa, ana tseren dawaki a kansa tun 1845. Da asuba masu kula da dawakin kan gangaro da su teku su yi musu wanka, abin sha'awa ga duk mai son doki, sai dai yawanci kafin jirgi ya sauke mutane an gama. A nan gidan da George Washington, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na farko, ya sauka a 1751 yake, yana ɗan shekara 19, ya rako yayansa mai ciwon tarin fuka neman lafiya, shi kuma ya kamu da agana. Gidan tarihin ƙasar ma yana nan, a cikin tsohon kurkukun soja. Zaɓi ɗaya daga cikin biyun.

In ka fi son cikin tsibiri

To ka manta da mataki na biyar da na shida, ko ka ɗan taɓa su a ƙarshe. Kogon Harrison yana tsakiyar tsibirin, tafiyar kusan rabin awa a mota. Ana shiga da 'yar motar lantarki mai tarago, a zagaya cikin duwatsun da ɗigon ruwa ya gina, kusan awa ɗaya. Ka sayi tikiti tun kafin ranar. A hanya ka ce direba ya biya da kai ta gunkin Bussa, bawan da ya jagoranci tawayen 1816, tsaye da tsinkakkiyar sarƙa a hannu. Za ka ga tumaki marasa ulu, kamar namu, masu baƙin gashi a tumbi, da birai a gefen daji. Su ma asalinsu Afirka ta Yamma ne, a jiragen bayi suka zo.

Bathsheba, a gabas, tana da kyan kallo: manyan duwatsu a cikin ruwa, igiyar Atlantika na dukansu. Kallo kawai. Ruwan wannan ɓangare yana jan mutum, ba a wanka a cikinsa. Soyayyen kifin Oistins da ake ta yabo kuwa shagalin daren Juma'a ne, sai jirgin da zai kwana ko zai tashi cikin dare.

Mataki na bakwai: ci da salla

Abincin ƙasar shi ne kuku da kifi mai tashi. Kukun nan garin masara ne da kuɓewa, a tuƙa su tare da wata 'yar muciya har su kama jiki. Wato tuwon masara ne da ya haɗiye miyarsa. Ba kullum ake samu ba, an fi yin sa Juma'a. Abin da ba ya yankewa shi ne burodi da soyayyen kifi a tsakiya, wanda suke kira kota, kuma akwai wata rumfa a Pebbles da layinta kaɗai ya isa ya nuna maka ita. Akwai kuma ƙosan kifi, ga yaji mai ruwan ɗorawa da ya kamata ka fara ɗanɗanawa kafin ka zuba. In ka ga an rubuta dolfin a jerin abinci kada ka tsorata, wani kifi ne mai suna haka.

Musulmi ya yi hattara da abu biyu. Naman alade yana da farin jini a nan, abincin Asabar ɗinsu ma da shi ake yi, kuma akan jefa gishirtaccen yankinsa cikin shinkafa da wake ko miya don ɗanɗano, don haka ka tambaya ko da ba ka ga nama ba. Na biyu giyar rake, wadda tsibirin ke alfahari da ita, har akwai kamfanin da ke yin ta tun 1703. Tana shiga kek, tana shiga lemon da ake miƙa wa fasinja kyauta a kan ƙananan jirage bayan an fito daga ruwa. Ka ce mara giya kake so. Ruwan kwakwa, zoɓo, da wani abin sha mai ɗaci-ɗaci na ɓawon itace da ake kira mobi sun wadatar. Ruwan famfo ma ana sha.

Azahar tana shiga wajen sha biyu na rana, alƙibla kuma gabas ce da ɗan karkata zuwa arewa. Musulmin garin, waɗanda akasarinsu asalin Gujarat ta Indiya ne, suna da babban masallaci a Kensington New Road da wani a Sobers Lane. Na farkon yana ɓangaren tashar jirgi, don haka abin da ya fi sauƙi shi ne ka ce wa mai tasi ya sauke ka a can a hanyar komawa, ka haɗa azahar da la'asar a matsayinka na matafiyi. Ranar Juma'a sai ka juya tsarin: teku da safe, masallaci da rana, gari daga baya. A bakin masallacin ne kuma za ka sami wanda zai nuna maka inda ake sayar da naman halal.

Mataki na ƙarshe: tsaraba da komawa

Ka sa a ranka cewa awa ɗaya da rabi kafin lokacin dawowa ka bar duk inda kake, in kana Carlisle Bay ko Garrison. In kana can cikin tsibiri, awa biyu da rabi. Daga ƙarfe uku, da an tashi makarantu, titunan shiga gari kan cushe, tafiyar minti goma ta koma ta arba'in.

Tsaraba a Pelican za ka saya, tunda a bakin hanyarka take: tukwanen ƙasa, sassaƙen katako, kwandunan saƙa. Ka juya kayan ka duba ƙasansa, da yawa daga abin da ake sayarwa a zauren tasha daga wata nahiya aka kawo shi. Kwalbar yaji, sukarin rake mai ruwan ƙasa, da alewar tsamiya ba su da nauyi kuma suna isa gida lafiya. Kada ka sayi murjani ko wani abu na ƙoƙon kunkuru. Taya kaya a nan ba kamar kasuwar Kurmi ba ne, a kanti farashi ɗaya ne, a rumfa ana iya rage maka kaɗan in ka ɗauki da yawa. Kantunan da ba a biyan haraji za su nemi katin jirgi da shaidarka.

Sauran kuɗin gari da ke aljihunka ka kashe su a zauren tasha, ko ka ba direba. A ƙofa za a duba katin jirgi, a bakin jirgi kuma a saka jakarka a na'ura. Ka miƙa tawul ɗin da ka ara, domin wasu kamfanonin suna cajin wanda bai mayar ba. In kuwa abin da ake gudu ya faru, ka ga lokaci zai ƙure maka a hanya, kada ka jira sai ka iso: kira lambar wakilin nan da ka rubuta, ka faɗi sunanka da lambar ɗakinka da inda kake. Lambar 'yan sanda 211 ce, ta motar asibiti 511.

Da ka shiga, ka watsa ruwa, ka hau saman jirgi ta ɓangaren da ke kallon tasha. Minti goma kafin a janye tsani za ka ji ana kiran sunayen wasu a lasifika, can kuma sai ga su a guje da ledoji a hannu, silifa ɗaya a ƙafa, fasinjoji na yi musu tafi daga sama.